Dokar Taimakon Mutuwa da Majinyacin da Aka Ce a Kai Shi Gida

A ranar 20 ga Yuni 2025 majalisar wakilan Birtaniya ta kaɗa ƙuri'a a kan wani ƙuduri da 'yar majalisa Kim Leadbeater ta kawo. Mutum 314 suka amince, 291 suka ƙi, aka miƙa shi ga majalisar dattawa. Ƙudurin ya nemi a ba baligin da ke Ingila ko Wales, wanda likitoci suka ce ciwonsa ba zai bar shi ya wuce wata shida ba, izinin karɓar maganin da zai sha da hannunsa ya mutu. Kafin wannan, a ranar 27 ga Mayu, majalisar dokokin Faransa ta amince da nata ƙudurin da ƙuri'a 305 a kan 199. Holan da Beljiyam sun yi irin wannan doka tun 2002, Kanada a 2016, Sifen a 2021. Jihar Oregon ta Amurka ta riga su, gama tata dokar ta fara aiki tun 1997.

Ɗalibin da za a tura hidima gabashin jihar Sakkwato yana da dalilin tambaya, ina ruwanmu? A Bafarawa da ƙauyukan Isa da Sabon Birni ba wanda yake roƙon gwamnati ta ba shi izinin mutuwa. Roƙon da ake yi shi ne a bar mutane su rayu, su je gona su dawo. Ƙasar da aka ƙone matafiya cikin mota a watan Disamba 2021, ƙasar da Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun 'yan bindiga a watan Agusta 2024, ba ta rasa hanyoyin mutuwa ba, balle a ce sai majalisa ta ƙara mata wata.

Duk da haka da ruwanmu. Dokokin laifukanmu da tsarin koyar da likitocinmu daga Birtaniya muka gaje su, muhawarar da aka yi a Landan kuwa ko ba daɗe ko ba jima takan iso Legas da Abuja. Wannan ƙaramin dalili ne. Babban dalilin shi ne, tambayar da waɗancan majalisu suke kokawa da ita, wato me za a yi da mutumin da magani ya kasa warkarwa, mu ma muna amsa ta kowane mako, sai dai ba da ƙuri'a ba. Likita ya duba majinyaci, ya ja babban ɗansa gefe, ya ce masa, “Ba sauran abin da za a yi, ku kai shi gida.” Wani lokaci ma ba likita ne ke faɗa ba, aljihu ne. An sayar da rago, an sayar da geron da aka ajiye na ci, an jinginar da gona, sai dangi su tattara tabarmarsu da kwanoninsu su ɗauki mara lafiyarsu. A kwantar da shi a ɗaki da farasitamol, ko tiramadol ɗin da aka sayo a kemis. Da dare ya yi ya riƙa nishi yana kiran sunan Allah, a kwashe yara a kai su wani ɗaki don kada su ji. Haka zai yi mako uku ko wata biyu kafin rai ya yi halinsa.

Hukuncinmu a wannan darasi shi ne, ƙin da ikilisiya take yi wa dokar taimakon mutuwa daidai ne. Amma ƙin da bai zo da maganin ciwo da hannun jinya ba yana da arha ga mai wa'azi, wanda yake kwance ne ke biyan kuɗinsa.

Hujjar masu goyon baya, da inda take yoyo

Kada mu fara da zagi. Masu neman wannan doka ba duk marasa tsoron Allah ba ne. Akbishop Desmond Tutu na Afirka ta Kudu ya goyi bayanta a fili a 2014, ya sake nanatawa a 2016. George Carey, tsohon Akbishop na Kantabori, shi ma ya sauya ra'ayi ya bi bayanta. Da yawa cikin 'yan majalisar da suka ce i sun ga iyayensu ko matansu sun mutu cikin azaba. Hujjarsu ƙafa biyu gare ta. Ta farko tausayi ne: akwai ciwon da ko ƙwararrun likitoci ba sa iya kashe shi sarai, don me za a tilasta wa mutum ya sha shi har ƙarshe? Ta biyu 'yanci ne: rai nasa ne, shi ya kamata ya zaɓi yadda zai ƙare. Suna kuma nuna shingayen da suka kafa. Sai baligi mai cikakken hankali, sai likitoci biyu sun tabbatar, sai an ga ba wanda ya tilasta shi, shi da kansa kuma zai sha maganin, ba likita ne zai ɗura masa ba.

Shinge na farko, wata shida, ƙiyasi ne. Likitoci da kansu sun yarda cewa idan kwanaki kaɗan suka rage sukan gane, amma lissafin watanni yakan kuɓuce musu. Duk wanda ya daɗe a hidima ya san wani da aka fara shawarar inda za a binne shi, ga shi yau yana noma.

Sauran shingayen kuma suna matsawa. Ƙudurin Birtaniya ya fara da sharaɗin cewa sai alƙalin babbar kotu ya sa hannu a kan kowane mutum, wannan ne ma aka riƙa nuna wa masu shakka. Kafin ƙuri'ar Yuni an cire alƙalin, aka sa kwamitin mutum uku, masanin shari'a da likitan ƙwaƙwalwa da ma'aikacin jin daɗin jama'a. Dokar Kanada ta 2016 ta tsaya ga wanda mutuwarsa ta gabato. A 2021 aka cire wannan sharaɗi, aka buɗe ƙofa ga naƙasassu da masu ciwon da ba na ajali ba. A 2023 mutum 15,343 suka mutu ta wannan hanya a Kanada, kusan mutuwa ɗaya cikin kowace 20 a ƙasar. An kuma tsayar da Maris 2027 don shigar da waɗanda ciwonsu na tabin hankali ne kaɗai. Gaskiya ta sa mu faɗa cewa Oregon ta riƙe sharaɗin wata shida fiye da shekara 25, saboda haka kada wani ya hau bagade ya ce kowace irin wannan doka dole ta bi sawun Kanada. Abin da za mu iya faɗa shi ne, iyakar ba daga cikin hujjar ta fito ba, liƙa mata aka yi. In tausayi ne dalili, wanda zai sha wuya shekara 20 ai ya fi mai wata shida cancanta. In 'yanci ne dalili, me ya kawo likita da lissafin watanni? Duk ranar da wani ya kai wannan ƙara kotu, masu tsaron iyakar ba su da amsa mai ƙarfi.

Amma inda hujjar ta fi rauni, a ganinmu, shi ne kalmar “zaɓi”, kuma a nan Bahaushe ya fi Bature saurin ganewa. Hukumar lafiya ta Oregon tana fitar da rahoto kowace shekara a kan dalilan waɗanda suka karɓi maganin. Zafin ciwo ba shi ne a sama ba. Abin da ke sama shi ne rasa ikon yi wa kai hidima, da kasa yin abubuwan da mutum ya saba jin daɗinsu, da ganin mutunci ya zube. A wasu shekarun kusan rabinsu sun ambaci tsoron zama nauyi ga iyali. To, mu ɗauki wannan mu kawo shi gida. Tsohuwa tana kwance, tana jin surukarta ta tashi sau huɗu cikin dare don ta gyara mata shimfiɗa. Tana ji a tsakar gida ana shawarar sayar da gonar da jikokinta za su gada. Ta san an cire jikanta daga makaranta. Ba wanda ya ce mata uffan, kowa ma “sannu, Inna” yake ce mata. Idan aka zo aka tambaye ta ko tana so a ci gaba, me za ta ce? Za ta ce, “Ku bar ni haka, na gode, kun yi ƙoƙari.” Mu mun san sunan wannan. Kara ce, kunya ce, gudun ɗora wa 'ya'ya ɗawainiya ne. Likitoci biyu da kwamitin mutum uku za su bincika ko an tilasta ta, ba za su ga komai ba, domin kara ba ta barin tabo a jiki. Za su rubuta cewa da yardarta ne, kuma ba ƙarya suka rubuta ba.

A yau tsohuwar nan ba ta da abin da za ta kare, tana raye ne domin Allah bai kira ta ba. Ranar da doka ta buɗe wata ƙofa, kowace safiyar da ta farka ta zama abin da ita ta zaɓa, kowace naira da aka kashe mata ta zama bashi a wuyanta. Doka ba ta ce mata ta mutu ba, amma ta ɗora mata aikin ba da dalilin ci gaba da rayuwa. Wanda yake da kuɗi da ilimi da baki zai ji an ƙara masa 'yanci. Gwauruwa da naƙasasshe da talaka za su ji wani abu dabam.

Zaɓi kuma yana bukatar abu biyu a gaban mai zaɓa. Ministan lafiyar Birtaniya na lokacin, Wes Streeting, ya ƙi ƙudurin, cikin dalilansa har da cewa jinyar masu ciwon ajali a ƙasar ba ta kai yadda za a ce mutum yana da zaɓi na gaskiya ba. Gidajen jinyar ƙarshe na Ingila wajen kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsu ne ke fitowa daga gwamnati, sauran daga sadaka da shagunan gwanjo. A Faransa an kaɗa ƙuri'a biyu a rana ɗaya, ƙudurin faɗaɗa jinyar masu ciwon ajali ya wuce ba ko mutum ɗaya da ya ƙi, alhali wajen larduna 20 na ƙasar ba su da sashen irin wannan jinya. Ƙwayar mutuwa ba ta da tsada. Gado da nas da shekarun horo su ne masu tsada, kowa kuwa ya san wanne ne gwamnati mai ƙarancin kuɗi za ta fara samarwa. In haka abin yake a Landan da Faris, sai a auna Isa.

Abin da Littafi yake ba mu

Ba ayar da ta ambaci allurar likita, ɗalibai su daina neman ta. Tushenmu shi ne an halicci mutum cikin kamannin Allah, ransa kuma amana ce a hannunsa, ba mallakarsa ba (Farawa 1:26-27, 9:6), a kan wannan doka ta shida ta tsaya. Agustin, a littafi na farko na Birnin Allah, ya nuna cewa dokar ta haɗa har da kashe kai, ikilisiya kuwa ta bi wannan fahimta ƙarni bayan ƙarni.

Labarin da ya fi kusa da batunmu yana cikin 2 Sama'ila 1. Wani Ba'amaleke ya zo wurin Dawuda ya ce ya tarar da Saul da mummunan rauni, Saul ya roƙe shi ya ƙarasa shi, shi kuma da ya ga ba zai tashi ba sai ya yi. A lura, sharuɗɗan ƙudurin zamani sun taru a bakinsa: ciwon da ba tashi, roƙon mai ciwon, da tabbacin wanda ya duba. Dawuda bai karɓa ba. Sai dai mu yi hankali kada mu ɗora wa nassin kayan da ya fi ƙarfinsa, gama dalilin da Dawuda ya bayar shi ne Saul shafaffe ne na Ubangiji, 1 Sama'ila 31 kuma tana nuna mai yiwuwa mutumin ƙarya ya yi don neman lada. Abin da za mu ɗauka kaɗai shi ne, roƙon mai mutuwa bai wanke hannun wanda ya kashe shi ba.

Wanda ya fi amfani ga mai hidima shi ne yadda Allah ya bi da bayinsa da suka roƙi mutuwa. Musa ya roƙa (Littafin Ƙidaya 11), Ayuba ya la'anci ranar haihuwarsa, Yunusa ya roƙa, Iliya ya kwanta ƙarƙashin itace a jeji ya ce ya gaji (1 Sarakuna 19). Allah bai biya wa ko ɗaya bukatar ba, bai kuma kore su daga gabansa don sun faɗa ba. Musa aka ba shi dattawa 70 su ɗauki kayan tare da shi. Iliya aka bar shi ya yi barci, aka ba shi abinci da ruwa har sau biyu, sai daga baya aka yi masa magana, aka kuma ba shi Elisha. Jiki aka fara dubawa kafin wa'azi. Majinyacin da ya ce mana, “Fasto, ka roƙi Allah ya ɗauke ni,” bai yi saɓo ba. Tambayar da ta dace ita ce, “Baba, ina ne yake maka ciwo? Yaushe rabonka da barci? Me ka fi tsoro?” Sau da yawa wanda aka kashe masa zafin ciwo ya yi barcin dare biyu ba ya sake wannan roƙo.

A nan dole mu juya sukar ga namu bagaden. Akwai wa'azin da yake mai da azaba ma'aunin bangaskiya, yana cewa Yesu ya ƙi ruwan inabin da aka gauraya da mur (Markus 15:23), saboda haka mai bi ya daure. Wancan ƙoƙo nasa ne shi kaɗai, ba a ba mu shi mu raba wa marasa lafiya ba. Shi ɗin ne kuma ya faɗi ƙishinsa a kan gicciye aka jiƙa masa baki (Yohanna 19:28-30). Karin Magana 31:6-7 ta yarda a ba wanda yake bakin mutuwa abin da zai rage masa baƙin ciki. Basamariyen Luka 10 ya zuba mai da ruwan inabi a raunuka, ya kuma biya kuɗin masauki. Haƙuri maganin zaman duniya ne, ba musu, amma bai kamata mai lafiya ya riƙa rubuta wa mai ciwo shi don ya huta da ɗawainiya ba. Akwai kuma ɗaya wa'azin, wanda talabijin da waya suka shigo mana da shi, mai hana kowa ya ambaci mutuwa a ɗakin majinyaci wai rashin bangaskiya ne. Sai mutum ya tafi bai yi wasiyya ba, bai shirya da ɗan'uwansa ba, bai ci Jibin Ubangiji ba, matarsa kuma ta rage da zargin cewa addu'arta ce ba ta isa ba. Bulus ya iya auna zama da tafiya a fili gaban ikilisiya (Filibiyawa 1:21-24) bai ji ya yi laifi ba.

Abu uku ne ake cuɗawa, iyalai kuwa wurin fasto za su zo a warware musu. Ba mutum abin da zai kashe shi da nufin ya mutu, wannan ne muke ƙi. Daina maganin da ba ya ƙara komai sai wahala da bashi, kamar wani zagayen wankin ƙoda ga wanda sauran gaɓoɓinsa sun riga sun gaza, wannan ba kisa ba ne, ciwon ne ya kashe shi. Ba da maganin kashe zafi da nufin sauƙaƙawa, ko da ana tsoron zai rage kwana, shi ma ba kisa ba ne. Masana tauhidi sun daɗe da bambanta abin da mutum ya nufa da abin da ya biyo baya ba da nufinsa ba, tun daga Toma Akwinas, Paparoma Piyus na 12 kuma ya faɗi haka ga likitoci a 1957. Dokar ƙasarmu ma ta san wannan bambanci. Final Kod da Arewa ta fara aiki da ita a 1960 ta hukunta mai taimakon wani ya kashe kansa, yardar baligi a kashe shi kuwa tana sauke hukuncin kisa ne kawai, ba ta share laifin. Amma a 2001, a shari'ar likita Okonkwo, wanda majinyaciyarsa 'yar Shaidun Jehobah ta ƙi ƙarin jini har ta rasu, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani. (Yunƙurin da ake yi na daina ɗaure wanda ya yi ƙoƙarin kashe kansa, kamar yadda Gana ta yi a 2023, wani batu ne dabam. Wannan mutum likita da makiyayi yake bukata, ba kurkuku ba, kada mu haɗa su a wa'azi.)

Kwalbar da ba ta iso ba

“Ba sauran abin da za a yi” ba gaskiya ba ce. Abin da ya ƙare shi ne warkarwa, jinya ba ta ƙare ba. Cicely Saunders, Kirista ce, nas kuma likita, ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967 a kan wannan fahimta. Ta koyar cewa ciwon mai bakin mutuwa ba na jiki kaɗai ba ne, ya haɗa da tsoro, da damuwar iyali, da tambayar ruhu, kuma a ba da maganin zafi a kan lokaci, kada a jira sai mutum ya yi kuka. Wannan ne muke kira jinyar sauƙaƙawa.

Ba sai da ginin Turai ake yin ta ba. Anne Merriman, likitar da ta taɓa aikin mishan a Najeriya, ta kafa Hospice Africa a Yuganda a 1993. Garin mofin ake narkawa da ruwa, a sa masa launi don a gane ƙarfinsa, a zuba a kwalba, majinyaci ya riƙa sha duk bayan awa huɗu a ɗakinsa. A 2004 Yuganda ta ba nas-nas da aka horar izinin rubuta shi, domin ƙauye ba ya ganin likita. Mofin ɗin da aka auna daidai, ana ƙarawa a hankali gwargwadon zafin, ba ya gaggauta mutuwa, ba ya kuma mai da mai ciwon daji ɗan ƙwaya. Babbar matsalarsa taurin ciki ne, shi ma da maganinsa.

A Najeriya aikin ya fara ƙarfi daga Ibadan, ƙarƙashin Farfesa Olaitan Soyannwo, inda asibitin koyarwa ya buɗe sashensa a 2007. Majalisar Lafiya ta Duniya ta zartar a 2014 cewa wannan jinya sashe ce ta kiwon lafiya, ba alfarma ba, gwamnatin tarayya kuma ta fitar da manufarta a kan haka a 2021. Takarda dai akwai. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 14 cikin 100 ne kawai na masu bukata a duniya suke samu, binciken da mujallar Lancet ta fitar a 2017 kuma ya nuna cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na irin waɗannan magunguna, Najeriya tana can ƙasan jerin. Abin takaicin shi ne, ƙasar da tiramadol ya cika tasha da kasuwa, ƙasar da sai da aka hana maganin tari mai kodin a 2018 saboda ya cinye matasa, ita ce mai ciwon daji yake mutuwa ba mofin. Tsoron ƙwaya ya sa an ƙulle ƙofar asibiti, ta bayan gida kuwa a buɗe take. Mu ma da muke wa'azi a kan shaye-shaye mu kula kada mu sa dattijon kirki ya ƙi maganinsa don gudun a ce ya mutu yana ɗan ƙwaya.

Daga Isa zuwa asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, inda ake gashin ciwon daji, ya fi kilomita 100, hanyar dajin Gundumi kuwa kowa ya san halinta. Ƙananan asibitocin ƙauyuka da dama ma'aikata sun gudu sun bar su. Mutane da yawa sun tsallaka ƙasar Maraɗi gudun hijira, waɗanda kuma ba sa iya gudu, tsofaffi da marasa lafiya, su ake bari a baya.

Wannan aiki ba baƙo ba ne gare mu. Ta wace ƙofa bishara ta sami wurin zama a ƙasar sarakuna? A ƙarshen shekarun 1930 mishan ɗin SIM ya karɓi jinyar masu ciwon kuturta a Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano. A lokacin babu maganin kirki, wani mai ne daga Indiya ake yi wa mutane allurarsa, mai zafi, amfaninsa kaɗan. Ƙwayar da ta fara warkarwa sai ƙarshen shekarun 1940 ta zo. Wato shekara da shekaru ana wanke gyambon mutanen da ba a iya warkar da su, ana ci da su, ana binne su da mutunci. Hayin iyaka ma haka, Tsibirin Gobir da Danja da asibitin Galmi da aka buɗe a 1950. Iyayen wasu daga cikin masu karanta wannan ɗan littafi a waɗannan wurare suka fara jin sunan Yesu. Yau kasafin ikilisiyoyinmu yana da layin gini da na motar fasto da na taron shekara, da wuya a ga layin masu ciwon ajali.

Ikilisiyoyin da ke yankin Isa da Sabon Birni ƙanana ne, ba za su gina gidan jinya ba, ba ma shi ne ake bukata da farko ba. Zumuntar Mata ta riga ta iya dubiya, abin da ya rage a koya mata jinya: juya majinyaci duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo, jiƙa leɓensa idan ya daina haɗiya, barbaɗa garin Flagyl a kan ciwo mai wari bisa umarnin ma'aikacin lafiya don iyali su iya zama kusa da shi, karɓar surukar nan dare ɗaya ta sami barci. Kusan kowace gunduma tana da nas ko ma'aikacin lafiya cikin membobinta wanda zai iya koyar da wannan a yini biyu. Maƙwabtanmu Musulmi ne, addininsu ma ya haramta kashe majinyaci. A watan Oktoba 2019 shugabannin Kirista da Musulmi da Yahudawa sun sa hannu a Batikan a kan takarda ɗaya mai ƙin taimakon mutuwa, mai kira a faɗaɗa jinyar sauƙaƙawa. Mai bishara da limamin unguwa suna iya zuwa wurin shugaban ƙaramar hukuma tare a kan wannan magana ba wanda ya bar aƙidarsa.

Mofin ne ba ya cikin ikonmu. A Najeriya likita ne ke rubuta shi, manyan asibitoci ne ke ajiye shi, ana lissafin kowace kwalba. Saboda haka lokacin neman sa shi ne kafin a bar asibiti. Idan aka kira fasto aka ce an sallami wani, ya raka babban ɗan wurin likita, su tambaya da ladabi: wane maganin zafi za a tafi da shi, na kwana nawa, idan ya ƙare wa zai zo ya karɓi wani, da wace takarda? Majalisun gundumomi da shugabannin ɗarikoki kuma, waɗanda suke da bakin magana da kwamishinan lafiya da 'yan majalisa, su nemi abin da Yuganda ta yi a 2004, a horar da nas-nas a ba su izini, a kuma ajiye maganin a babban asibitin Isa da na Sabon Birni, domin ɗan majinyacin Bafarawa ya daina ratsa Gundumi duk lokacin da kwalba ta ƙare.